Karen Ɗakin Gwaji: Ina Matsayinsa A Shari'a?



Duk wanda ya zauna a unguwar Dukawuya ya san kare ba baƙo ba ne a gindin ganuwa. Da rani 'yan farauta su kan wuce da nasu ta wajen ƙofa, na yawo kuwa suna nan kullum a kan juji, yara na jifansu, manya na kallo ba mai cewa kanzil. A tsallaken titi ga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, saboda haka zaurenmu ba ya rabo da ɗalibai masu tambayoyin da iyayenmu ba su taɓa ji ba. Irin wannan tambaya ce ta jawo rubutun wannan mako.

Wani saurayi ɗan unguwa, wanda ya ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a wata jiha, ya zo hutu ya zauna cikin karatun bayan la'asar. Da jama'a suka watse sai ya matso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a wurin aikinmu ina riƙe karnuka idan za a yi musu allura, yawunsu ya kan taɓa mini riga. Ina matsayin sallata?" Muka ba shi amsa. Har ya miƙe, sai ya koma ya durƙusa, ya ce akwai saura. Ashe an sayo karnuka takwas daga kasuwa domin binciken wani ɗalibi a kan warkewar rauni, aka yi musu aiki, aka zuba su a keji. Da hutun Babbar Salla ya zo kowa ya tafi gida, wannan yana zaton wancan zai leƙa su. Ranar da aka koma aka tarar biyu sun mutu kusa da kwanon ruwa busasshe. Mabuɗin ɗakin kuwa yana aljihunsa.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne jerin tambayoyin nan. Ta yawu ce ta fara zuwa, ta ƙishirwa ta biyo baya kamar an tuna da ita ne a bakin ƙofa. Ba mu ga laifin yaron ba, domin haka muka tarbiyyantar da shi. Mun cika kunnen 'ya'yanmu da ƙazantar kare, har suka ɗauka cewa duk abin da ya same shi daidai ne.

Ta farkon ba ta da wuya. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasar nan, kowane mai rai tsarkakakke ne a jikinsa, da guminsa da yawunsa, har da kare, kamar yadda ɗalibin Muhtasar ya sani tun daga babin tsarki. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki a ruwanta, malamanmu sun ɗauke shi a kan bauta ce da bin umarni. Shafi'iyya da Hambaliyya sun saɓa, suna ganin najasa ne, kuma saɓaninsu abin girmamawa ne. Amma jininsa da fitsarinsa da kashinsa najasa ne a wurinmu ma, don haka mai wannan aiki ya keɓe rigar aiki dabam da ta salla. Shi ke nan.

Ta biyun ita ce mai nauyi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba har ta mutu. A lura, ba a ce ta doke ta ko ta yanka ta ba. Kullewa ce da mantuwa. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai lallage don ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, da makamancinsa game da wata mace mai zaman kanta daga Bani Isra'ila. Sahabbai suka yi mamaki ko akwai lada a kan dabbobi, aka tabbatar musu akwai shi a kan kowane mai rai. Fiƙihu bai bar wannan a matsayin wa'azi kawai ba. Malamanmu sun ce matafiyin da ruwansa bai wuce na alwala ba, idan ya ji tsoron halakar dabbar da ke tare da shi, ko da karen da aka yi izinin riƙewa ne, sai ya shayar da ita ya yi taimama. A babin ciyarwa kuma sun wajabta wa mai dabba abincinta, in ya ƙi alƙali ya tilasta shi ya sayar. To, wanda ya kulle kare a keji ya sa mabuɗi a aljihu, ya hana shi juji, ya hana shi kududdufi, ai ya ɗauki dukan arzikinsa ya ɗora a wuyansa.

Shin gwajin kansa ya halatta?

Waɗansu za su ce a rufe ɗakunan nan baki ɗaya a huta. Ba mu tare da su, kuma ga dalili.

A shekarar 1889, a birnin Sitirasbog, likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa wani kare wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Kare ya kama yawan fitsari, aka auna aka tarar da sukari a ciki. Daga nan aka gane inda ciwon sukari ya ke tasowa. A 1921 Banting da Best suka ci gaba da aikin a kan karnuka a Toronto ta ƙasar Kanada, karnuka da yawa suka mutu a hannunsu, kafin a sami sinadarin insulin. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa ya farfaɗo. Kafin wannan, yaron da ya kamu da irin wannan ciwo ba ya daɗewa. Yau alhajin da ke ajiye kwalbar allurarsa a firiji a Kantin Kwari ko a ofis, da wuya ya san cewa bashin kare ne a kansa. Haka nan maganin cizon mahaukacin kare, Louis Pasteur na Faransa ya gwada shi a kan zomaye da karnuka kafin ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 a watan Yuli na 1885. Har yanzu wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. A nan gida ma, cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a can a 1924 domin yaƙi da bushiyar shanu, da dabbobi ta yi aikinta, kuma tana yin allurar rigakafin haukan kare. Bushiyar da ta talauta Fulani a zamanin kakanninmu, a 2011 aka bayyana ƙarewarta a duniya.

Kada kuma wani ya ce wannan bidi'ar Turawa ce. Abubakar Ar-Razi, babban likitan Bagadaza wanda ya rasu a 925, ya shayar da biri zaiba domin ya ga abin da ta ke yi wa jiki, ya rubuta abin da ya gani. Ibn Zuhri na Ishbiliya a Andalus, wanda ya rasu a 1162, ya tsaga maƙogwaron akuya ya yi jiyyarta har ta warke, don ya tabbatar ko za a iya yi wa mutumin da numfashinsa ya toshe.

Sa'an nan a duba abin da kan faru idan aka tsallake wannan mataki. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narka magani cikin wani ruwa mai zaƙi, ya sayar ba tare da ya gwada a kan ko ɓera ɗaya ba. Mutane fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara, ƙodarsu ta lalace. Da aka ba dabbobi ruwan daga baya, nan da nan gubar ta bayyana. A shekarar da ta biyo aka kafa dokar tabbatar da lafiyar magani kafin sayarwa. Wannan guba ɗin dai ita ce aka samu cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin a ƙasar nan a 2008, yara fiye da 80 suka rasu.

Mu mutanen Kano ba ma bukatar a kai mu nesa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutane fiye da 10,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana, a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon, rabi wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe su. Cikin abin da iyayen suka gabatar a kotun Amurka akwai cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, da cewa gwajin da aka riga aka yi a kan dabbobi ya nuna maganin na iya taɓa gaɓoɓi da guringuntsi da hanta. A 1999 aka taƙaita amfani da shi a Amurka, aka dakatar da shi a Turai, saboda illar hanta. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wanda ya ga iyayen nan ba zai yi gaggawar cewa a daina gwaji a kan dabba ba. Zai dai ƙara da cewa, idan an wahalar da dabba aka sami gargaɗi, a saurari gargaɗin.

Asalin hukunci dai a fili ya ke. Alƙur'ani a wurare da dama ya bayyana cewa an hore wa ɗan Adam dabbobi, ya ci, ya hau, ya yi sutura. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Wanda aka halatta masa yanka rago don ya ƙoshi, ba za a hana shi amfani da ɓera don ya tsirar da jariri ba. Tsare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa idan cuta biyu suka haɗu a kan ɗauki ƙaramar.

Sai dai akwai wani hadisi da ba ma son a ɓoye shi, domin ya fi kowanne kusa da mas'alarmu. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da kwaɗo da ya ke so ya sa cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Ga likita, ga magani, ga dabba, ga kuma hani. Masu sharhi sun yi bayani iri iri. Waɗansu sun ce hanin ya keɓanci kwaɗo ne, waɗansu sun ce don cinsa bai halatta ba ne, ko don cutarsa ta fi amfaninsa. Ko wanne aka ɗauka, abin da mu ke fahimta shi ne, faɗin kalmar magani kaɗai ba ya buɗe kowace ƙofa. Sai an tambaya: wane magani, wace bukata, kuma babu wata hanya? Ƙa'idar da ta ce larura tana halatta abin da aka hana tana da 'yar'uwa da ba a raba su, watau larura gwargwadonta a ke auna ta. Mutane sun haddace ta farko sun bar ta biyu a cikin littafi.

Inda aka ƙetare iyaka

A 1975 wata jaridar Ingila ta buga hotunan karnuka a jere, an ɗaure su, an rufe musu baki da wani abin shaƙa, ana tilasta musu zuƙar hayaƙin taba domin a gwada wani sabon samfurin sigari. Wace larura ce a nan? Haka gwajin jan baki da man shafawa a idon zomo. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun 2013. 'Yan kasuwarmu masu shigo da kayan shafe-shafe su san cewa ado ba ya cikin abin da a ke azabtar da rai saboda shi.

Na kusa kusa shi ne abin da ya faru a jihar Bajiniya ta Amurka. Wani kamfani mai suna Envigo yana kiwon wani irin kare da a ke kira bigul, yana sayar wa ɗakunan gwaji. An zaɓi wannan iri ne saboda ƙanƙantarsa da sanyin halinsa, ba ya cizon mai yi masa allura, watau kyakkyawar ɗabi'arsa ita ta jawo masa. Masu binciken gwamnati suka tarar da 'yan kwikwiyo fiye da 300 sun mutu cikin 'yan watanni ba a san dalili ba, abinci da tsutsa, an hana masu shayarwa abinci, an kashe waɗansu ba tare da an gusar musu da jin zafi ba. A 2022 aka kwashe karnuka kimanin 4,000 daga wurin aka raba wa masu riƙo, a 2024 kamfanin ya amsa laifi aka ɗora masa fiye da dala miliyan 35. Wannan a ƙasar da ke da doka a kan haka tun 1966 ke nan. Ina ga inda ba mai leƙawa?

Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Misira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Daga ciki akwai ciyar da ita irin abincin da ya dace da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a amfana da ita, da kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa, kada a haɗa ta da abin da zai cuce ta, a kyautata makwancinta da mashayarta, kada a yanka ɗanta tana gani. Da za a rubuta wannan da manyan baƙaƙe a manna a ƙofar kowane ɗakin dabbobi na jami'o'inmu, da ya wadatar da rabin aiki. A 1959 waɗansu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka fito da ƙa'idoji uku waɗanda duniya ke bi yanzu: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. Mun karanta su ba mu ga baƙon abu ba. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Muslim ya wajabta kyautatawa har wajen kisa da yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. In an umarci mahauci da haka, likitan da zai tsaga cikin kare da rai ba shi da uzurin barin allurar barci, ko maganin zafi bayan an ɗinke. An kuma la'anci mai yi wa jaki lalas a fuska, da mai kafa abu mai rai ya mai da shi abin koyon harbi. Wannan na ƙarshe ya kamata malaman makarantun likita su tsaya a kansa. Idan ɗalibai ashirin za su iya koyon abu da hoto mai motsi, ko gawar dabbar da ta riga ta mutu, ko na'ura mai kwakwalwa, to, maimaita shi a kan mai rai kowace shekara ya fi kusa da koyon harbi.

Musanyawar kuwa ta fara yiwuwa. Ana rainon ƙwayoyin jikin mutum a cikin kwalba a gwada magani a kansu, ana kuma lissafa illarsa da kwamfuta. A watan Disamba na 2022 Amurka ta gyara dokarta, ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a kan dabba. Su kansu masanan sun yarda jikin kare ba jikin mutum ba ne, domin kimanin tara cikin goma na magungunan da suka wuce matakin dabba su kan faɗi idan aka zo kan mutane. Wannan bai sa a yar da gwajin ba tukuna, amma hukunci yana tafiya da dalilinsa. Duk ranar da wata hanya ta wadatar a wani fanni, halaccin ya faɗi a wannan fanni.

Saura batun saye da riƙewa. Hadisi ya nuna ladan mai riƙe kare yana raguwa kullum, sai na farauta da na kiwo da na gona. Malamai sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaidin, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa ƙin da Malik ya yi wa haka sai ya amsa cewa da Malik ya ga wannan zamani da zaki zai ajiye. Riƙe kare don binciken da zai amfani jama'a, a ganinmu, ya shiga wannan ƙiyasi. Sayar da kare kuwa mashahurin zance hani ne, ko da ya ke Sahnunu ya halatta kuɗin wanda aka yi izinin riƙewa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne na sata. Jami'in da ya aiki yaro kasuwa ya sayo karnuka da araha, bai tambayi inda aka samo su ba, ya sani cewa wani makiyayi ko mai gadi na iya kwana yana neman nasa.

Abin da muka faɗa wa saurayin nan shi ne, aikinsa halal ne, albashinsa halal ne, matuƙar binciken na neman magani ne ko ilmin da ba a samunsa ta wata hanya. Karnuka biyun nan kuwa babu wata kaffara ƙayyadadda a kansu, sai tuba, kuma tubar wanda ya bar abu ya lalace ba ta cika sai ya gyara abin da ya jawo lalacewar. Muka ce laifin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Ɗalibin da ya sa aka sayo su, da malamin da ya sa hannu a kan binciken, da kwamitin da ya amince, da akawun da ya riƙe kuɗin abincinsu, kowa yana da kasonsa gwargwadon ikonsa. Ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan shafi su lura, takardar da ke kwance a kan tebur wata uku, wani lokaci akwai mai rai a bayanta yana jira.

Ya sake zuwa da hutun ƙarshen shekara. Ya ce sun rubuta jadawalin masu zuwa ranakun hutu sun manna a ƙofa, an yanka mabuɗi na biyu, shi kuma ya sayi duro da kuɗinsa yana cika shi da ruwa kowace Alhamis. Karnuka shidan da suka rage, da aka gama binciken, wani mai gadi ya karɓi biyu, wani manomi ya karɓi ɗaya, ukun suna nan. Amma kuɗin maganin zafi na bayan aiki, wanda suka rubuta takardar nemansa tun kafin damina, har ranar da ya taho ba a sa mata hannu ba.